Masu Yi wa Mangwaro Aski

Idan watan Yuni ya kama a Jalingo, mangwaro ya gama yayinsa. 'Yan talla sun koma ɗaukar wani abin, yaran da suka wuni suna jifa tun watan Maris sun watse, gindin bishiya babu komai sai ƙwallaye da ruɓaɓɓun 'ya'ya da ƙudaje. A Yelwa, kamar sauran unguwannin garin, da wuya ka wuce gidaje kaɗan ba ka ga kan mangwaro ya leƙo ta saman katanga ba. Amma daga wannan lokaci har hunturu ya dawo da huda, yawancinmu ba ma sake ɗaga kai mu dube shi, sai fa idan iskar damina ta karyo reshe ta maka a kan kwano ko wayar wuta. To a wannan tsakanin ne wasu mutane ƙalilan suke wasa zarto. Su ne masu yi wa bishiya aski, kuma a cikin 'yan makonnin nan ne hannunsu ke tsara yawan 'ya'yan da za a sha baɗi, da izinin Allah.

Sara daban, aski daban. Duk saurayin da ke da ƙarfin damtse zai iya hawa da adda ya zubar da rabin bishiya kafin azahar, kuma irinsu ake yawan kira idan reshe ya tsone wa maƙwabci ido. Kowa ya san abin da suke bari a baya: dungulmin rassa da baki a tsattsage, ɓawo ya saluɓe har gindi, bayan shekara biyu wurin ya zama kogo, gara ta samu ƙofa. Gwanin aski kuwa yana iya shafe rabin sa'a bai taɓa ƙarfe ba. Zai zagaya bishiyar, ya tsaya ta gabas, ya koma ta yamma, ya shiga ƙarƙashinta ya ɗaga kai. Rana yake nema a ƙasa. Idan da tsakar rana inuwar baƙa ce ƙirin, babu ɗigon haske ko ɗaya, ya san cikin bishiyar ya daina aiki, 'ya'ya sun gudu can ƙololuwa inda sai gora da jifa. Wannan tsayuwar ta fi komai burge ni a sana'ar. A nan ake gama aikin a zuci, zarto ya zo daga baya ya zartar.

Abin da yake karantawa a jikin bishiyar yana da tushe. Mangwaro ba ya huda a ko'ina, sai a tsinin reshe. Kuma ba kowane tsini ba: sai wanda ya fito da jan tohon nan mai laushi, ganyensa ya yi kore, ya yi kauri, ya zauna watanni bai sake toho ba, sannan yana shan rana. Irin wannan tsinin ne, idan ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, daren hunturu ya yi sanyi a Disamba da Janairu, yake fitar da huda maimakon ganye. Saboda haka lissafin mai lambu mai sauƙi ne a faɗa: yawan ƙosassun tsinaye da ke cikin rana, yawan nonnan mangwaro. Bishiyar da aka bari ta yi ta miƙewa son ranta tana da katako da yawa, tsinaye kaɗan, su ma duk a bayan rufi suke. Mai aski yana so ya juya wannan lissafin, katako ya ragu, tsinaye su ƙaru.

Yadda ake ƙara su kuwa shi ne sirrin da duk aikin ya dogara a kai. A gindin kowane ganye akwai ido da ke barci. Muddin tsinin reshe yana nan, idanun da ke ƙasa da shi ba sa farkawa, domin tsinin yana sauko da wani sinadari da ke danne su. A shekarar 1933 wasu masana biyu a Amurka, Kenneth Thimann da Folke Skoog, suka tabbatar da haka da wani irin wake: suka cire tsini, idanun ƙasa suka tsiro, suka sa sinadarin a inda suka yanke, idanun suka ci gaba da barci. Sunan sinadarin oksin. Mai lambu ba ya bukatar sunan. Ya dai san idan ya datse nan, rassa biyu ko uku za su fito can, ya kuma san ta wace fuska za su fito, domin idon da ke kallon waje reshensa waje zai nufa, wanda ke kallon ciki kuma zai cushe tsakiya. Shi ya sa za ka ga ya kai zarto ya fasa, ya matsa ƙasa da faɗin yatsa biyu. Ido yake zaɓa.

Sai lokaci, wanda a nan ne mutane da yawa ke yin asara ba su sani ba. Ana yin aski da zarar an sauke 'ya'yan ƙarshe. Dalili kuwa, tohon da zai biyo bayan askin yana bukatar damina guda ya ƙosa kafin hunturu. Wanda ya yi a Yuni, tohonsa ya fito a Yuli, ya samu watanni huɗu ko biyar yana ƙwari, Disamba ta same shi a shirye. Wanda ya jira sai Nuwamba, lokacin da aka gama girbi hannu ya samu sarari, ya hau ya datse, to hudar baɗi ce ya zubar ƙasa da hannunsa, sannan a watan Maris ya ce bishiyar ta yi yaji. Amma mu a nan muna da wata matsala: ƙarshen mangwaro yana haɗuwa da farkon damina, kuma sabon yanka da jiƙa ba su shiri, domin cikin laima ne ƙwayoyin funfuna ke yawo. Gwani yakan duba sama kamar yadda yake duba bishiya. Yana neman safiyar da gari ya washe, ya yi yankansa rana ta busar da bakin, ya kuma tabbata ya gama kafin ruwan Agusta ya zauna.

Wannan tsoron jiƙa ba namu ne mu kaɗai ba. A ƙasashen sanyi akwai bishiyar ceri, mai ƙananan jajayen 'ya'ya da ƙwallo ɗaya a ciki, wadda Turkiyya ta fi kowace ƙasa nomanta. Ba ta yi a Jalingo, domin sai ta kwana cikin sanyin da bai kai digiri 7 ba na ɗaruruwan sa'o'i, wasu ire-irenta fiye da 1,000, kafin ta yi fure yadda ya kamata. A Ingila ana yi wa tuffa aski a tsakiyar sanyi, lokacin da ganye ya zube. Ceri kuwa an hana. Sai an bari zafi ya shigo, saboda wata funfuna da ke shiga ta sabon yanka a watannin sanyi da laima, ta mayar da ganye kalar azurfa, ta kashe reshe bayan reshe. Wato makami ɗaya, lambu ɗaya, amma bishiya biyu lokaci biyu. Ko a cikin cerin ma akwai bambanci: mai zaƙi tana haihuwa a kan 'yan gajerun rassa da ke daɗewa shekaru suna bayarwa, don haka ana taɓa ta kaɗan-kaɗan, mai tsami kuwa yawanci a kan reshen bara take haihuwa, sai an riƙa rage tsofaffi don sababbi su fito.

A Japan, inda ake dasa wani irin ceri don furensa kawai, an daɗe ana ganin yanka shi wauta ce, domin bakin yankan yakan ruɓe. Amma a garin Hirosaki, yankin da ya shahara da noman tuffa, masu kula da lambun fadar garin suka ɗauko dabarar manoman tuffa wajen shekarar 1960, suka riƙa cire rassan da suka gaji don sababbi su maye gurbinsu. Irin da aka saba cewa ba ya wuce shekara 60 da ƙarfinsa, yau akwai wanda aka dasa a 1882 a wannan lambu yana fure. Ba yankan ne ke kashe bishiya ba ashe, rashin iya shi ne.

Mu dawo gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mafi kyawun aikin mai aski shi ne wanda yake yi wa dashe da almakashi, ba tsani ba zufa. Idan ɗan mangwaro ya kai kimanin mita ɗaya, sai a datse kansa. Masu dashe da yawa ba sa iya kallon wannan, abin da suka yi shekara suna ba ruwa a ce za a fille masa kai. Amma a nan ma akwai ƙwarewa. Mangwaro yana girma ne hawa-hawa, kuma a ƙarshen kowane hawa ganyaye sukan taru wuri ɗaya su yi zobe. Idan aka yanke a saman zoben, rassa shida ko bakwai za su ɓullo daga wuri guda, sirara, masu cunkoso, waɗanda wata rana nauyin 'ya'ya ko iska za ta tsage su daga tushe. Idan aka yanke a ƙasan zoben, inda ganyaye ke da tazara, rassan za su fito ɗaya sama da ɗaya. Daga cikinsu a zaɓi uku ko huɗu masu fuskantar ɓangarori daban-daban, a cire sauran. Kowannensu ya kai kamu ɗaya ko ya ɗan ɗara, a sake datse shi. Uku su zama tara, tara su zama ashirin da wani abu. Kafin shekara uku, an samu gajeriyar bishiya mai faɗi, mai ɗaruruwan tsinaye, wadda mutum zai tsinki yawancin 'ya'yanta yana tsaye a ƙasa.

Idan ɗan aure ne, akwai ƙarin abin lura. Mangwaro mai aure bishiya biyu ce a jiki ɗaya: gindin na gargajiya ne mai jure ƙasa da fari, saman kuma irin da ake so ne, ko Juli ko Fita ko Kent. Gindin ba ya daina ƙoƙarin fito da nasa. Duk tsiron da ya ɓullo a ƙasan tabon auren dole a cire shi tun yana ƙarami, in ba haka ba ya fi saman ƙarfi, ya shanye shi, bayan shekara biyar mai gida ya tsinki mangwaro mai zare ya ce an cuce shi a wurin saye. Haka kuma gwani yakan tsinke hudar da dashe ya yi a shekarar farko da ta biyu. Yana so ƙarfin ya tafi ga ƙashi tukuna.

Babban reshe kuwa, wanda ya kai kaurin cinya, shi ne ke raba gwani da ɗan koyo. Sau uku ake yanka shi. Na farko ta ƙasa, kamar kamu ɗaya daga jikin bishiyar, a shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa a tsaya. Na biyu ta sama, a ɗan gaba da na farkon, har reshen ya faɗi. Amfanin yankan farko a nan yake fitowa: lokacin da nauyi ya rinjayi reshen, ɓawon da zai saluɓe ya bi jikin bishiya yana isowa wurin ya tsaya. Saura dungu. Yanka na uku shi ne na gyara, kuma shi ne ake yi a natse. A inda reshe ya haɗu da uwar bishiya akwai wani ɗan kumburi da ya kewaye shi kamar wuyan riga. Daidai bakin wannan kumburin ake bi, ta waje. Ba a shafe shi don wurin ya yi sumul, ba a kuma barin dungu a gabansa.

Wani masanin gandun daji na Amurka, Alex Shigo, wanda ya rasu a 2006, ya shafe rayuwarsa yana tsaga bishiyoyi da injin yanka, dubbai, don ya ga abin da ke faruwa a cikinsu bayan an ji musu rauni. Abin da ya gano ya canza yadda ake aski a duniya. Bishiya ba ta warkar da rauni yadda fatar mutum ke yi. Killace shi take yi: ta toshe hanyoyin ruwan da ke kewaye da wurin, ta gina shinge da sinadaranta don ruɓa kada ta ratsa, sannan sabon katako ya taso daga gefe ya rufe bakin a hankali. Wannan kumburin na gindin reshe shi ne inda ƙarfin killacewar ya fi yawa. Wanda ya shafe shi ya rushe shingen. Wanda ya bar dungu kuma ya bar abin da sabon katakon ba zai iya hayewa ba, sai ya bushe ya ruɓe ya kai ruɓar ciki. Binciken Shigo ya kuma nuna cewa shafa kwalta ko fenti mai kauri a bakin yanka ba ya hana ruɓa. Ina faɗin wannan ne saboda al'adar da ta yaɗu a wurinmu ta shafa baƙin mai na mota. Yana ƙone naman da ya kamata ya rufe raunin. Yanka mai tsabta da kaifin zarto, a ɗan karkace yadda ruwa ba zai kwanta ba, ya fi duk wani shafe-shafe. Idan ka ga tsohon yanka ya yi leɓe zagaye cif, ko'ina daidai, to hannun da ya yi shi ya san aikinsa.

A kan tsohuwar bishiya, gwani yana da jerin da yake bi ko da bai taɓa rubuta shi ba. Matattun rassa da masu ciwo su ne farko. Sai kauci. Kauci ya fi ƙarfin a fizge shi da hannu, domin tsuntsu ne ke goge irinsa mai danƙo a jikin reshe, ya tsiro ya kafa bakinsa har cikin katako yana shan ruwan bishiyar. In an tsinke ganyen ya sake fitowa, sai dai a yanke reshen a ƙasa da inda ya kama. Sai rassan da ke gugar juna, domin inda suka goge ƙofa ce. Sai miƙaƙƙun tsirran nan da ke harbawa sama daga cikin duhu, masu ci ba haihuwa. Sai guntayen sandunan da 'ya'yan bana suka rataya a kai. Sai na ƙasa da ke jan ƙasa. A ƙarshe ya zo ga babbar shawara: wane reshe ɗaya ko biyu ne a tsakiya, idan aka ɗauke su, rana za ta shiga har ciki? Ɗan koyo yakan yi ƙananan yanka hamsin bai buɗe komai ba. Gwani ya yi biyu, bishiyar ta yi numfashi. Kuma yana da iyaka: bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen a shekara ɗaya ba, domin bishiyar da aka yi wa ƙwal takan ruɗe, ta yi ta zuba ganye ta manta da huda.

Buɗe tsakiyar nan magani ne ma. Baƙin tabon da ke cin huda da 'ya'yan mangwaro funfuna ce, kuma ta fi son inda iska ba ta ratsawa, raɓa ta wuni ba ta bushe ba. Haka farin ƙwaron nan mai kama da auduga, wanda ya shigo Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1980, yake sa ganye ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya, ya fi yawa a cunkoso. Sai ƙudan 'ya'yan itace na Asiya, wanda aka fara gani a Kenya a 2003 kafin ya mamaye yankinmu cikin 'yan shekaru, shi ne ke sa ka ɓare mangwaro mai kyau a ido ka tarar da tsutsa. Tsutsar tana fita daga ɗan da ya faɗo ta shige ƙasa ta zama ƙuda. Mai askin da ya san aikinsa ba ya tafiya ya bar ruɓaɓɓu a gindi. Zai sa a kwashe a binne da zurfi. Tsakanin bishiya da bishiya kuma yana goge zartonsa da ruwan bilic, kada ya zama shi ne mai rabon cuta.

Akwai wani abu da yake bari da gangan, wanda ya ƙara masa daraja a idona. Jajayen tururuwan nan da ke ɗinke ganye su yi gida a sama, waɗanda duk wanda ya taɓa hawan mangwaro ya san cizonsu, ɗan koyo yakan so ya ƙone su. Gwani yakan kauce wa gidansu in da hali. Wani bincike da aka yi a arewacin Jamhuriyar Benin, aka buga a 2007, ya nuna cewa bishiyoyin da ke da waɗannan tururuwa da yawa ƙudan nan bai cika ɓata 'ya'yansu ba. Mutum yana sama, cizo ta wuya ta hammata, ga ƙaron mangwaro mai ƙona fata, amma ya san waɗannan masu gadi ne.

Aikin ba ya ƙarewa a kan bishiya, domin a gidajenmu mangwaro ba na 'ya'ya ba ne kawai. A ƙarƙashinsa ake shimfiɗa tabarma a watan Maris da Afrilu, lokacin da ɗakin kwano ba ya shiguwa. Wanda ya zo da zarto dole ya iya magana. Za ka ji uwar gida ta ce, "Malam, don Allah kada ka tafi mana da inuwa." Shi kuma ya ce, "Hajiya, ina kuke zama da azahar?" Ta nuna masa. Sai ya bar wannan ɓangaren da faɗinsa, ya buɗe ta wancan. Idan bishiyar ta tsufa ta kai tsayin bene, har sai an sauko da ita, zai gaya wa mai gida gaskiya: "Alhaji, baɗi ba za a sha daga wannan gefen ba, sai baɗin waccan." Yakan raba aikin shekara biyu ko uku, gefe bayan gefe, don kada gida ya rasa inuwa da 'ya'ya lokaci ɗaya. Manyan rassan da suka saba da duhu, yanzu suka fito fili, yana shafa musu farar ƙasa a jikin ɓawo, kada ranar Jalingo ta ƙone su. Daga tohon da zai fito kuwa, in mai gida yana so, ana iya yi wa tsohon gindin sabon aure, bishiyar kakanni ta koma ba da irin da kasuwa ke nema.

Sauko da bishiya yana da wani amfanin da ba a cika lissafa shi ba. Duk shekara yara suna faɗowa daga kan mangwaro, ana karyewa. Mangwaron da aka jefo ko aka kaɗo da gora yana bugun ƙasa, kwana biyu ya ruɓe, ba ya kai kasuwa mai nisa. Bishiyar da aka riƙe a mita huɗu ta kawar da duka biyun. A tsarin da aka saba, ana dasa mangwaro da tazarar mita 10, hekta ɗaya ta ɗauki 100. A Indiya, wadda ta fi kowa noman mangwaro, akwai gonakin da ake dasawa da tazarar mita 3 da 2, hekta ta ɗauki fiye da 1,600, kuma abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne aski duk shekara ba fashi.

Sauran itatuwan lambu kowanne da halinsa. Gwaiba tana haihuwa a kan sabon toho, tana son a datse ta sosai. Lemo ba ya son yawan taɓi, a cire masa matattu da tsirran gindi a ƙyale shi. Yazawa tana kusa da mangwaro. Zogale kuwa ko an fille shi a ƙugu, godiya zai yi.

Ai mu a Taraba bai kamata a ce aski baƙon abu ne a wurinmu ba. Duk wanda ya hau tsaunin Mambila ya ga gonar shayi ta Kakara ya ga aski a matsayinsa mafi girma: ganyen shayi bishiya ce da za ta iya wuce mita 10 in an ƙyale ta, amma an riƙe ta a tsayin ƙugu, a shimfiɗe, ana sake datse ta bayan 'yan shekaru don ta yi ta fitar da ɗanyen tohon da ake tsinka. Makiyaya ma sun daɗe da nasu. A ƙarshen rani, idan ciyawa ta ƙare, Bafulatani yakan hau madobiya ko kawo ko maɗaci da barandami ya sauko wa shanu da ganye, kuma wanda ya gaji abin ya san iyakar da zai tsaya don baɗi ya dawo ya samu. Madobiyar nan ita ce aka riƙa kira Madrid a shekarun da aka yi ta kwasarta daga dazuzzukanmu ana kai wa Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya daga farkon 2017. Bishiyar da ta yi shekaru tana ciyar da garke saboda an iya rage mata rassa, injin yanka ya kwantar da ita cikin mintoci. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Mafi girman shaidar abin da wuƙa mai hankali ke iya yi kuwa a ƙasar Hausa take, a Maraɗi. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai aikin gona, Tony Rinaudo, bayan ya gaji da dashen da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan kurmin da ke gonaki, waɗanda ake sassabewa ana ƙonewa duk shekara, tsirran kututturan manyan bishiyoyi ne da saiwarsu ke raye a ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne a zaɓi 'yan tsirrai masu ƙarfi daga kowane kututture, har zuwa biyar, a cire sauran, a rage musu rassan ƙasa da makami mai kaifi, ana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Manoma suka karɓa, suka kira shi sassaben zamani, suka gyara shi yadda ya dace da gonakinsu, ya bi daga ƙauye zuwa ƙauye. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya bishiyoyi kusan miliyan 200 suka dawo a kan hekta kusan miliyan 5 a Nijar. Ba a dasa su ba. Zaɓa aka yi, aka rage.

Saura aiki guda wanda yawancin masu gida ba su san yana cikin ciniki ba. Kamar mako shida bayan aski, gwani yakan dawo ba da zarto ba. A bakin kowane babban yanka toho ya fito tuli, wani wurin goma, wani wurin fiye. In an bar su duka, cunkoson da aka kora ya dawo ya fi na da. Sai ya bi su ɗaya-ɗaya, ya bar biyu ko uku masu kallon waje da tazara a tsakaninsu, ya murje sauran da babban yatsa tun suna da laushi. A lokacin ne yake duba ko gara ta fara ɗora ƙasa a gindi, ko kauci ya sake ɓullowa, ya ce a zuba taki ko toka a kewayen inda rassa suka tsaya, ba a jikin gindi ba, domin can ne ƙananan saiwoyi suke. Daga Satumba kuma ba ya ƙara kai ƙarfe jikin bishiyar, kuma yakan ja kunnen mai gida kada a cika ta da ruwan wanke-wanke idan rani ya shigo, domin mangwaron da ƙafarsa ke jiƙe a Disamba ganye yake fitarwa.